Sawun Kaza da Maburgi

Ranar da aka kawo Baballe ɗakinmu a unguwar Mansura da ke Doha, na ɗauka wani Balarabe ne ya ɓace hanya. Dogo ne, fari sol, gashin kansa mai laushi, idanunsa kamar na mage. Har na fara harhaɗa 'yan kalmomin Larabcin da na tsinta zan nuna masa ƙofa, sai ya ajiye jaka ya ce, "Malam, wane gado ne babu kowa?" da Hausar Bukuru tsantsa. Shekara shida ke nan muna kwana ɗaki ɗaya, muna tuƙa motocin kamfani ɗaya, muna kai injiniyoyi Dukhan mu dawo da su. Ni sunana Shamsu, Bazazzagi ne. Shi kuwa ya yi kuskuren gaya mini cewa kakarsa Bakanuwa ce, don haka tun ranar farko na ɗauke shi bawana, kuma har yau bai fanshi kansa ba.

Mutum ne mai sanyin hali har ya kan ba ni haushi. In wani ya sha gabansa a titi, ni da nake gefe ne zan yi ta zage-zage, shi sai dai ya ce "Allah ya kai shi lafiya." Ya haura hamsin, yana da mata da 'ya'ya huɗu a Bukuru, ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, shi ne girkin ranar Juma'a.

Kowace Juma'a da hantsi, kafin mu tafi masallaci, zai fito da wani ƙaramin tanderun lantarki da ya saya a Mesaimeer. Zai murza fulawa da kitse, ya yanka naman shanu ƙanana da dankalin Turawa da albasa, ya barbaɗa gishiri da masoro. Ba ya soya komai tukuna, ɗanye yake zubawa a tsakiyar faifan kwaɓin, ya ninke, sannan ya bi bakin yana murɗawa kamar mai yi wa yarinya kitso. Daga ƙarshe sai ya ɗauki tsinin wuƙa ya yi wani zane a kusurwa ɗaya, layi mai hawa da sauka, da wata 'yar sanda mai kai a kwance kusa da shi. A gidansu ƙunshi ake ce wa abincin, zanen kuma sawun kaza da maburgi. In ya zo ci ta wurin kitson yake riƙewa, ya cinye cikin, ya ba magunan unguwa kitson. Na sha yi masa faɗa a kan wannan almubazzaranci, domin a wurina kitson ya fi ko'ina daɗi.

"Haka Kaka ta koya mini," in ji shi. "Ta ce rabon masu rami ne."

"Waɗanne masu rami?"

"Ban sani ba. Ita ma ban ce ta sani ba."

A hankali na tattara labarin, domin Baballe ba ya ba da labari, sai dai a tatsa. Kakarsa Haulatu 'yar fatake ce daga Kano, iyayenta suka bi kasuwar kuza suka zauna a Bukuru. Tana budurwa wani Bature mai aikin haƙar kuza ya gan ta tana tallar fura. Mutanen gari Mai Fitila suke ce masa, saboda wata hula mai fitila a goshi da ya zo da ita daga ƙasarsu. Ya ji Hausa, ya musulunta a hannun limamin unguwa, aka raɗa masa Musa, ya biya sadaki aka ɗaura aure. Suka haifi 'ya ɗaya, Safiyyatu. Yarinyar tana da shekara biyu, a farkon 1939, ya ce zai je gida hutu ya dawo da damina. Damina ta zo ta wuce, yaƙin duniya ya ɓarke, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Ga inda gizo yake saƙa. Haulatu ta san sunansa na Turanci sarai, amma matan zamaninta ba sa kama sunan miji, ko da wuƙa a wuya. Shekara hamsin ta yi bayansa, ba ta sake aure ba, kuma in zancensa ya taso "shi" kawai take cewa, ko "mutumin." Da Safiyyatu ta girma ta yi aure ta haifi autanta, tsohuwar ce ta nace a sa masa Musa, sannan ta kasa kiran jaririn da sunan, shi ya sa ya zama Baballe. Liman ya rasu, abokan aikin Mai Fitila suka watse, kamfanin kuzar ya naɗe tabarmarsa. Ranar da aka kai Haulatu makwancinta a 1990, kowa ya ɗauka an binne sunan tare da ita.

Baballe ya ce shi bai taɓa jin rashin sunan ya dame shi ba, mahaifiyarsa ce abin ya ci. Tun tana ƙarama yara ke bin ta suna 'yar Bature, ina ubanki. Ranar bikinta wata gwaggon ango ta tambaya a gaban mata, "To ina dangin uba?" Hajiya Safiyyatu ta tashi mace mai zafin zuciya, irin wadda nake so, kuma ta yanke hukunci tun da wuri cewa mutumin gudu ya yi. Ba ta taɓa sa ƙunshi a bakinta ba. In uwarta ta kunna wuta za ta gasa, sai ta ɗauki mayafi ta tafi maƙwabta. Abincin wanda ya gudu take ce masa. Shi ya sa tsohuwar ta tsallake 'yarta ta koya wa jikanta.

Shekaru biyu da suka wuce hawan jini ya kayar da Hajiya, tana da shekara tamanin da shida. Ta farfaɗo amma ƙafa ɗaya ta ƙi. Ina ɗakin ta kira shi, kuma da yake Baballe ba ya iya waya sai ya buɗe murya, na ji komai.

"Baballe, ina son in san sunan mutumin nan kafin in tafi."

"Hajiya, ki bar zancen tafiya."

"Rufe mini baki. Ba wai zan yafe masa ba ne. So nake in san wanda zan kai ƙara gaban Allah."

Daga ranar Baballe ya shiga nema. Da ya je hutu ya yi kwana uku a ma'adanar tsofaffin takardu a Kaduna, aka tambaye shi sunan wanda yake nema, ya ce Mai Fitila, ma'aikacin ya dube shi da tausayi ya ce takardun Turawa ba su san laƙabi ba. Ya bi makabartar Turawa a Jos kabari kabari yana karanta duwatsu, alhali bai san abin da yake son gani ba. Da ya dawo Doha, wani likita ɗan Sakkwato da muke haɗuwa da shi a masallacin Al Aziziya ya ba shi shawarar gwajin yawu. Ya tofa a kwalba ya aika, bayan wata biyu sakamako ya zo cewa kashi ɗaya cikin huɗu na jininsa daga kudancin Ingila yake. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce masa ai madubin banɗakinmu kullum yana gaya masa haka kyauta. Bai ji haushi ba, kuma daga baya ni ne na ji kunya, domin na ga yadda yake ninke takardar a hankali kamar wani abu zai ƙara fitowa daga cikinta.

Allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Wata Lahadi muka kai injiniyoyi Dukhan, mota biyu. Rana ta take, muka fake a inuwar rumfar masu gadi, Baballe ya buɗe ledar abincinsa ya fito da ragowar ƙunshin Juma'a. Akwai wani dattijon Bature cikin fasinjojinsa, Mista Hoskin, mai jan fuska da yawan gumi, ya dawo mota ɗaukar ruwa. Ya wuce mu, sai ya tsaya cak ya dawo da baya. Ya tambaya da Turanci a wane shago Baballe ya sayi wannan. Baballe ya ce shi ya gasa.

"Kai ka yi wannan murɗin? Wa ya koya maka?"

"Kakata."

"'Yar ina ce?"

"'Yar Kano ce, ranka ya daɗe."

Ni na ɗauka kwaɗayi ne ya kama dattijon, har na ce wa Baballe da Hausa, "Yalla, ɓantara masa mu huta." Amma Hoskin ya tsuguna a kan tsakuwa da wandonsa mai guga. Ya ce shi mutumin Konwal ne, can ƙarshen Ingila inda ƙasa ta shige cikin teku, kuma kakanninsa duk mahaƙan kuza ne. Ya ce wannan abincin ramin kuza ne. Matan mahaƙa ke yin bakin da kauri domin miji ya riƙe da hannunsa mai dattin guba, ya ci cikin, ya jefar da bakin. Tsofaffinsu suna cewa na aljanun rami ne, don kada su rusa wa mutane ƙasa a ka.

Baballe ya dube ni. "Masu rami," in ji shi a hankali.

Hoskin ya karɓi ƙunshin ya juya shi, ya kai yatsa kan zanen kusurwa. Ya ce a garinsu tanderu ɗaya kan gasa na mutum goma, don haka kowace mata takan zana haruffan farko na sunan mijinta a kusurwa, kada a yi musaya. Ya tambaya ko Baballe ne W.T.

Na karɓa na duba. Shekara biyar ina cin abin nan, na kuma yi makarantar boko har aji biyar na sakandare, amma da yake an ce mini sawun kaza ne da maburgi, sawun kaza da maburgi nake gani. Haulatu ba ta san boko ba. Mijinta ya nuna mata zanen, ta riƙe shi, ta yi ta yin sa shekara hamsin, ta kuma tsaya a kan jikanta da tsawa har sai da hannunsa ya iya shi daidai. Baballe ya zauna a kan taya ya rufe fuska da hularsa. Ni kuma na tashi na shiga goge gilashin motar da na riga na goge da safe.

Hoskin ya ce yana da ƙanwa da ta yi ritaya daga koyarwa, ba ta da aiki sai tonon asalin mutane a littattafan coci da takardun jiragen ruwa. Ya ɗauki hoton ƙunshin, ya rubuta Bukuru da 1939 a bayan wata takardar aiki. Sati bakwai ba mu ji komai ba. A cikinsu jikin Hajiya ya sake tashi, aka kwantar da ita kwana huɗu, Baballe ya rame har wandonsa na aiki yana zamewa. Ya nemi kafil, wato mai kamfanin da ya ɗauko mu, ya ba shi hutun gaggawa, aka ce sai bayan wata biyu. Kullum da safe zai kalli fuskar Hoskin ta madubin mota, shi kuma ya girgiza kai. Ni har na fara cewa Turawan nan daɗin baki ne da su.

A sati na takwas dattijon ya shigo mota da babban ambulan. An samu masu W.T. guda uku da suka je Najeriya haƙar kuza daga yankinsu, amma ɗaya ne kawai ya sauka daga jirgi a Ingila a watan Maris na 1939. Sunansa Wiliyam Tiregenza. An haife shi a 1901 a wani ƙauye kusa da Kambon. Ubansa Tomas mahaƙi ne, kakansa Ricad mahaƙi ne, haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya har zuwa wani masunci da aka yi wa suna a coci a 1764, wanda ya bar teku ya shiga rami. Da ramukan ƙasarsu suka mutu bayan yaƙin duniya na farko, samari suka bazu duniya neman abinci, shi Wiliyam ya faɗo Bukuru a 1926. Na ce wa Baballe ashe ci-rani gadonsa ne, kakansa ya bar gida ya bi kuza, shi ya bar gida ya bi man fetur.

A ƙasan takardar akwai ranar rasuwa, Janairun 1940, wata goma da saukarsa. Ƙurar rami ce ta cinye masa huhu.

Ba a nan ƙanwar Hoskin ta tsaya ba. Ta gano wata tsohuwa mai suna Magret, jikar ƙanwar Wiliyam, tana zaune a gidan da ya rasu a ciki. Da aka gaya mata dalilin zuwa, sai ta hau sama ta sauko da wani gwangwanin biskit. Ta ce ta tsince shi a kayan mahaifiyarta, kuma ta yi shekaru tana tunanin yadda za a nemi mace ɗaya a Najeriya da suna ɗaya tak. A ciki akwai hoton wata budurwa baƙa mai ɗaurin ɗankwali, riƙe da jaririya fara. A bayan hoton an rubuta, matata Haulatu da Safiyarmu. Sai wasiƙu uku da ya aika Bukuru ta hannun kamfani, dukkansu an buga musu hatimi an maido da su. Ashe bayan tafiyarsa da 'yan makonni kamfanin ya karɓe gidan, Haulatu ta koma cikin gari wurin kawunta, kuma babu akawun da ya ga ya dace ya taka ya neme ta.

Magret ta buɗe su a gaban ƙanwar Hoskin ta kasa karantawa, domin da Hausa ya rubuta, don wani ya karanta wa matarsa. Hotunansu aka turo wa Baballe.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ya kira 'yarsa Bilqis ya ce ta kai wa Hajiya waya ta riƙe mata. Ya ce in zauna, wai shi kaɗai ba zai iya ba. Tsohuwar ta bayyana a jingine da matashi, fara kamar ɗanta, bakinta ya ɗan karkace.

"Hajiya, an samu sunan."

"Faɗi."

Ya faɗa. Ta sa ya maimaita sau uku, tana motsa leɓe. Sannan ta ce, "To. Ina ya tafi ya bar mu?"

Baballe ya ɗauko wasiƙa ta ƙarshe, ta watan Nuwamba. Hausar irin ta Turawan kuza ce, mai ɗingishi, amma ana ganewa. Ya karanta.

"Haulatu, ina gaisuwa. Tari bai bar ni ba. Likita ya hana ni jirgi, na yi masa faɗa, ya ce sai na yi ƙarfi. Wannan takarda ta uku ce, ban ji amsa ba. In na samu sauƙi ina zuwa, ko da yaƙi. Safiya ta iya gudu yanzu, na sani. Ki sa mata takalmi, akwai kunama a bayan ɗaki wurin itace. Ki gaya mata babanta yana zuwa."

Ni da nake taƙama da taurin zuciya, hawaye ya zubo mini ban shirya ba, kuma ban ɓoye ba. Hajiya ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon wani wuri a gefen wayar. Can ta tambaya yadda aka yi aka gano shi, Baballe ya ba ta labarin Dukhan da Hoskin da zanen kusurwa. Ta sa ya ɗaga ƙunshin da ya gasa da safe ya matso da shi kusa, ta ƙura masa ido.

"Wannan ne sunan?"

"Shi ne farkonsa, Hajiya."

"Khalas, shi ke nan," na ce a raina, yanzu za ta fashe. Amma sai ta juya ta ce, "Bilqis, akwai fulawa a gidan nan?"

Bilqis ta ba mu sauran labarin washegari. Tsohuwar ta sa an zaunar da ita a tsakar gida, aka kira Baballe ya riƙa faɗa musu awo ta waya. Murɗin bakin ya gagare ta saboda hannu, jikar ce ta yi. Amma da aka zo zane ta karɓi wuƙar ta ce a bar ta, ta kuma yi shi daidai ba tare da kowa ya nuna mata ba. Ashe duk ficewar da take yi zuwa maƙwabta, ta gani.

Yanzu shekara guda ke nan. Hajiya tana nan da ranta, tana takawa da sanda, tana yi wa kowa faɗa. Ita da Magret suna gaisawa ta waya duk wata, Bilqis na yi musu tafinta, kuma na ji har sun fara musu a kan yawan masoron da ya kamata a sa. A bangon ɗakinmu, saman gadon Baballe, akwai doguwar takarda da ya manna, daga masuncin 1764 har zuwa autarsa Jannat. Na nemi ya sa sunana a gefe a matsayin ubangidansu, ya ƙi.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar da ta yi a ranar. Bilqis ta ce da aka fito da ƙunshin daga wuta, Hajiya ta riƙe shi ta wurin kitson, ta gutsura, ta daɗe tana taunawa. Shi ne cinta na farko a shekara tamanin da bakwai. Sai ta ce a kira mata Baballe.

"Na janye ƙarar," in ji ta. "Kuma ka yi wa kakarka addu'a. Shekara hamsin ina cewa ta ɓoye mini sunan ubana, ashe duk Juma'a tana ajiye mini shi a faranti. Ni ce na ƙi ci."

Sannan ta ce wa Bilqis ta miƙo mata na biyu.